Ramin Yatsu Huɗu

Marin ya sauka ne tana riƙe da dutsen guga, ta ɗaga shi ke nan daga hannun wata farar riga. Ba ta ga shigowarsa ba. Ƙarar injin wanki ta cika shagon, ita kuma ta ba ƙofa baya, sai dai ta ji kunnenta na hagu ya yi ɗif, wuta ta gifta mata a ido, ɗankwalinta ya zame zuwa ƙeya.

"Juyo! Juyo in gani da idona!"

Muryar yayan mijinta ce. Shekara biyu ke nan da rasuwar mijin, amma har yau in ta ji muryar nan sai tsoro ya kama ta. Mai walda ne, ƙato, hannuwansa duk tabon tartsatsi, kuma a kaf danginsu ba a taɓa jin ya tambayi ba'asi kafin ya yanke hukunci ba. Maman 'Yan Biyu ta juyo. Abin da ya zo gani kuwa yana nan, ba ɓoye-ɓoye. Cikinta ya turo gaba a ƙarƙashin rigar aiki kamar na mai wata biyar.

"Ashe da gaske ne," ya ce, yana huci. "Mu ne 'yan iska ko? Mu ne kika mayar shashashai? Kina zaune a ɗakin ƙanena, kina cin arzikin sunansa, ashe abin da kike aikatawa ke nan!"

"Yaya, don Allah ka tsaya ka ji."

Mari na biyu da bayan hannu ya yi mata shi, leɓenta ya haɗu da haƙori ya fashe. Dutsen gugar yana hannunta har lokacin, zafinsa na dukan cinyarta ta cikin zani, fuskar mutumin kuma ba ta fi kamu biyu da ita ba. Maganar gaskiya, ta so. Ta so ta manna masa shi a kunci ta ji ƙaurin. Hannunta har ya ɗaga. Sai ta tuna tana da yara biyu da za su tashi daga makaranta ƙarfe biyu, ta ajiye dutsen a tsaye a kan tebur.

Baba Sitaci, mai shagon, ya leƙo ta tsakanin kayan da ke rataye. Tsoho ne ɗan firit, haƙoransa huɗu, kuma biyu daga ciki suna bankwana.

"Kai bawan Allah, lafiya? Nan wurin aiki ne fa."

"Kai ne ko?" Yaya ya yi kansa. "Kai ne uban cikin?"

"Ni?" Tsohon ya dafe ƙirji. "Ni da matakala uku ke gagara ta?"

Bai rufe baki ba Yaya ya cakumi wuyan rigarsa ya wurgar da shi cikin ƙarfen rataya. Ƙarfen ya tafi da shi ƙasa, rigunan mutane wankakku gogaggu suka rufe shi, sai ƙafafunsa kawai ke waje suna harbawa. Mata biyu da suka zo karɓar kaya suka yi waje suna salati.

Cikin nan da ake wannan tashin hankali a kansa shekararsa bakwai. 'Yan biyu ne suka bar mata shi. Ta haife su manya, kuma naman cikinta da ya buɗe ya ba su wuri bai sake haɗewa ba, ya rabu dama da hagu ya bar rami a tsakiya. Kunya ta sa ta nemi dogon ƙyalle. Kullum da safe sai ta naɗe kanta daga ƙasan ƙirji zuwa ƙugu, ta ja, ta ja, har numfashi ya riƙa fita da ƙyar, sannan ta ɗora riga. Mijinta kaɗai ya san da wannan, shi ma ya tafi da sanin. Maƙwabciyarta ta taɓa nuna mata a waya yadda ake kwanciya rigingine ana tashi zaune don rage tumbi, ta kama yi sau hamsin kowace rana, tana ganin wani tudu yana tasowa a tsakiyar cikin kamar burodi, tana murna wai aiki ne yake ci. Bayanta kuwa kullum kamar ana sara. In ta yi tari ko atishawa sai fitsari ya kufce mata.

Wata uku da suka wuce ta sunkuya ɗaukar kwandon jiƙaƙƙun kaya, miƙewa ta gagara. A asibiti aka tura ta sashen gashin ƙashi, wurin wata likita 'yar gajeruwa mai tabarau da kaifin baki. Likitar ta kwantar da ita, ta ce ta ɗaga kai kaɗan, ta nutsa yatsu a saman cibiya. Huɗu suka shige har da saura. Da ta ji labarin ƙyallen da tashi zaune hamsin sai ta riƙe baki, ta ce, "Ke da kanki kike ƙara yaga shi. Ƙyallen ya karɓe aikin, naman ya kwanta barci shekara bakwai. Sai mun tashe shi." Ta koya mata fitar da numfashi a hankali tana jan cibiya ciki, da zame dunduniya a kan tabarma, da juyawa gefe kafin tashi. Abin kamar wasan yara, amma a sati na goma sha ɗaya ramin ya koma yatsu biyu da rabi, kuma Maman 'Yan Biyu ta ɗaga kwando ba tare da ta ciji leɓe ba. Nan likitar ta ce ƙyallen ya isa haka, a ajiye shi gaba ɗaya. Kwana shida ke nan da ajiyewar. Kwana shida kuwa sun ishi unguwa ta gani, ta ƙirga watanni, ta kai labari inda ya kamata. Ita kuma ba ta gaya wa kowa komai ba, don ta ɗauka cikinta nata ne.

Yaya ya juyo daga kan tsohon, yana goge hannu a wando.

"Ki buɗe kunne ki ji. Yaran na je na ɗauko su daga makaranta tun ƙarfe goma. Suna gidana. 'Ya'yan ƙanena ba za su sake kwana ɗaki ɗaya da ke ba. Ko ƙeyarsu ba za ki ƙara gani ba."

Marin bai sa ta kuka ba, amma wannan maganar ta ratsa ta har tafin ƙafa. Ba ta san lokacin da ta cakumi rigarsa da hannu biyu ba.

"Ka ba ni yarana! Wallahi sai ka ba ni yarana!"

Ya fizge, ta ƙi saki. Ya murɗe mata hannu, ta kafe ƙafa, kuma abin mamaki ba ta tafi ba. Da wata uku baya ne, da hankaɗa ɗaya ta isa. Shi kansa ya ji bambancin, abin ya ƙara tunzura shi. Ya sa gwiwar hannu ya doke ta a haɓa, ya haɗa ta da gefen tebur, ta zube a kan siminti cikin ruwan sabulu.

Ta ga takalmin yana zuwa, takalmin aiki ne mai ƙarfe a baki. Jikinta ya yi abin da aka koya masa ba tare da ta umarce shi ba: ta fitar da numfashi, cibiya ta shige, naman ya ɗaure. Shurin ya sauka, ya yi zafi, amma ya tarar da bango. Na biyun ne ya zo kafin ta sake shiri, tana tsakiyar jan iska, ciki a sake. Ta ji wani abu ya ɓalle a ciki, kamar ɗinkin tsohuwar riga. Ihun ma bai fito ba.

"In ya so cikin ya zube nan kowa ya huta!" in ji Yaya.

Baba Sitaci ya rarrafo daga cikin kaya ya rungume ƙafar ƙaton yana roƙo. Mutane sun taru a bakin ƙofa, ana ta kai, haba, a bari, amma ba wanda ya taka ciki. Maman 'Yan Biyu ta kwanta tana kallon ƙasan tebur, amai na taso mata. Sannan ta juya gefe, ta dafa da hannu, ta tashi zaune. Ta tofar da jini.

"Mu je asibiti," ta ce, muryar can ƙasa. "Yanzu. In aka ce juna biyu ne, ka riƙe yaran har abada. Ga shaidu."

Ya dube ta, ya dubi jama'a. Abin da yake so ke nan, a tona ta a gaban takarda.

Motar tana waje, tsohuwar a-kori-kura mai layin kujera biyu da yake ɗaukar ƙarafa a ciki. Sai da aka cusa ta baya ta ga ashe surukarta na zaune a can ƙurya, ta rufe rabin fuska da mayafi. Inna tsohuwa ce mai ƙiba, ba ta cika magana ba, amma yau ta tanadi tata.

"Kada jikinki ya taɓa ni," ta ce. "Na ɗauke ki 'ya. Ɗana ya mutu yana yabon ki. Ashe macijiya na goya."

"Inna, ba abin da kuke zato ba ne."

"Rufe min baki!" Tsohuwar ta kai mata duka a cinya da dunƙulen hannu. Dukan ba ƙarfi, amma shi ya fito da hawayen.

Yaya ya ja motar kamar yana faɗa da titi. Ba ramin da ya kauce wa. Kowane faɗawa sai ta ji kamar ana soka mata ƙusa a cibiya, ta dafe wurin da hannu biyu, ta ji wani ƙullutu mai tauri da babu shi da safe. A mahaɗar hanya ya kusa take wani mai babur, ya leƙa ta taga ya zage shi tas, har da iyayensa. Ita dai tana ƙirga numfashi, shiga huɗu, fita shida, tana tunanin ƙaramar cikin 'yan biyun da ba ta cin abinci a gidan kowa.

A asibiti ya nufi ɗakin masu juna biyu, ita ta juya hagu tana dafa bango. Ya kamo mayafinta ya fizgo.

"Ina za ki? Guduwa?"

"Sake ta!"

Likitar gashin ƙashi ce, ta fito daga ɗakinta da fayil a hannu. Tsayinta bai kai kafaɗarsa ba, amma sai da ya saki. Ta dubi leɓen, ta dubi haɓar, ta dubi yadda matar ta dafe ciki, fuskarta ta sauya.

"Wa ya yi miki haka?"

"Gwajin ciki muka zo," in ji Yaya. "A yi mata a gabanmu."

"Gwajin ciki," likitar ta maimaita a hankali. Ta kira nas, ta ce a ɗauki fitsari a kai, a kuma kira likitan tiyata yanzu yanzu. Ta nuna Yaya da biro. "Kai, waje. Mama, ke shigo."

Aka kwantar da ita a siririn gado bayan labule, aka ɗage riga. Sawun takalmi yana nan, ja yana komawa baƙi. Likitar ta kamo hannun Inna.

"Kawo hannunki, Mama. Kin haihu, kin san yadda cikin wata biyar yake. Taɓa nan."

Tsohuwar ta noƙe, likitar ta ja hannun ta ɗora can sama da cibiya, nesa da kumburin. Ta ce wa ta kwancen ta ɗaga kai kaɗan. Ta ɗaga, tana cije haƙora. Yatsun Inna suka nutse cikin laushi, suka yi ta tafiya, ba su tarar da komai ba.

"Ina jaririn?" in ji likitar. "Nemo min shi. Wannan ramin jikokinki ne suka haƙa shi shekara bakwai da suka wuce. Wata uku muna cike shi, ni da ita."

Inna ta zare hannu kamar ta taɓa wuta. Ta tsaya tana kallon yatsunta. Can sai ɗaya hannun ya tafi kan nata cikin, ta saman zani, ta ɗan danna.

"Yana rabewa ne dama?" ta tambaya. "Ni tara na haifa. Na ɗauka haka kowa take."

Daidai nan likitan tiyata ya shigo. Ya taɓa ƙullutun, Maman 'Yan Biyu ta yi ƙara har sai da na waje suka ji. Ya ce siririyar fatar da ke tsakanin naman biyu ta yage, hanji ya leƙo ya maƙale, kuma ba abin jira ba ne, yau za a shiga da ita. Ya fita shirya ɗaki. Nas ta dawo da 'yar takarda, likitar ta karanta, ta ja labule, ta kira Yaya ta miƙa masa.

Ya juya takardar gaba da baya. Ya dubi uwarsa, ta sunkuyar da kai.

"To ai laifinta ne," ya ce. "Me ya hana ta faɗa? Mutum ya ga mace ba miji da ciki haka, me zai ce?"

"Ta ce ka tsaya ka ji?" likitar ta tambaya.

Ya kawar da kai, likitar ta ci gaba.

"Satin jiya yatsu biyu da rabi ne, ƙasan ya fara tauri. Na yi murna kamar nawa. Yau ka mayar da mu bayan inda muka faro, ka ƙara mana da wuƙa." Ta zaro wata takarda daga aljihun tebur, ta cire murfin biro. "Wannan ta rauni ce. Ana rubuta abin da ya sami mutum da wanda ya yi masa. In ta yarda ta sa hannu, wurin 'yan sanda za ta tafi. In ba ta yarda ba, sai in rubuta raunin kawai." Ta juyo. "Maman 'Yan Biyu, ke nake sauraro."

Sai ga ƙaton nan ya koma ƙarami. Ya fara da gargaɗi, wai maganar gida ba ta fita waje, wai ta tuna su waye dangin yaran. Da ya ga ba ta ko dube shi ba, sai ya sauko, ya ce sharrin shaiɗan ne da na masu kai gulma, ya ce yana da iyali, in aka rufe shi wa zai riƙe shagon walda. Inna ta durƙusa a bakin gado da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, ta kama ƙafar surukarta tana kuka.

"'Yata, ki dube ni. Ɗaya na rasa, kada ki raba ni da wannan. Ki ce faɗuwa kika yi. Ki rufa mana asiri, Allah ya rufa miki."

Tsohuwar ta ba ta tausayi, ba ƙarya. Amma tausayin yana can sama-sama, a ƙasansa kuwa akwai wani abu mai sanyi da bai motsa ba. Ta dubi silin.

"A kawo min yarana tukuna," ta ce. "Sannan a yi magana."

Yaya ya fita da gudu, har yana ture kujera. Maman 'Yan Biyu ta nemi aron wayar likitar ta kira ƙanwarta, wadda ke koyarwa a wata makaranta can gefen gari, ta gaya mata a taƙaice. Aka sa mata ruwa a hannu, aka canza mata riga zuwa ta tiyata. Inna tana zaune a ƙasa ba ta tashi ba. Takardar tana kan tebur, biron a kanta.

Ƙanwar ce ta fara isowa, ta ga fuskar yayarta ta toshe baki. Minti kaɗan bayan haka sai ga Yaya da yaran, ɗaya a kowane hannu, cikin kayan makaranta, idanunsu sun kumbura. Suka ƙwace suka yi kan gado.

"A hankali, ban da ciki," in ji likitar.

Ta rungume kawunansu a kafaɗa, ta shaƙi warin rana da ke gashinsu. Ta tambayi ƙaramar ko ta ci wani abu, ta girgiza kai. Babbar ta taɓa leɓen da ya fashe ta ce, "Mama, wa ya dake ki?" Uwar ta ce mata ba komai, za a yi mata ɗan gyara ne ta dawo. Sannan ta ɗauki hannuwansu ta sa a cikin na ƙanwarta.

"Ki tafi da su gidanki. Ki ba su abinci. Kowa ya zo, ko wane ne, kada ki buɗe ƙofa."

Ta bi su da ido har suka fita, ta saurari takunsu a baranda har ya ɓace. Ta ƙara jira kaɗan, daidai lokacin da zai ishe su su kai bakin titi. Masu tura gado sun iso, suna tsaye a ƙofa tare da mai gadin sashen.

Yaya ya matso yana murza hannu, har da ɗan murmushi.

"To, ga shi na cika. Ƙanwata, komai ya wuce ko?"

Maman 'Yan Biyu ta fitar da numfashi a hankali, ta juya kai wajen likitar.

"Rubuta," ta ce. "Shuri biyu ne. Ki sa har da na tsohon da ya jefar a shago."